Jirgin Bauci da Bai Taɓa Zuwa Bauci Ba

Duk wanda ya taɓa kai yara yawon buɗe ido Jos ya san yadda tafiyar take kasancewa. Gidan zu ne a ransu, gidan tarihin da ke maƙwabtaka da shi kuwa sai an ja su. In an shiga, a leƙa tsofaffin kawunan yumɓu na Nok, a zaga wajen tukwane, a je a ga kwaikwayon ganuwar Kano da na tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Ba sa farfaɗowa sai an iso inda aka girke tsofaffin kayan sufuri, idonsu ya faɗa kan wani ɗan ƙaramin kan jirgin ƙasa. Nan za a tsaya a ɗauki hoto, wani babba ya ce jirgin Turawan da ne, shi ke nan a wuce.

Abin da aka wuce ɗin ragowar wani layin dogo ne da ya yi shekara arba'in da 'yan kai yana aiki tsakanin Zariya da Bukuru, wanda Turawa suka raɗa wa suna ƙaramin layin Bauci. An fara buɗe shi a 1912, ya isa Bukuru a 1914, aka rufe shi a 1957. Tsawonsa mil 143, wato kusan kilomita 230. Sunan kansa abin dariya ne, don jirgin bai taɓa taka garin Bauci ba. A wancan zamani tsaunukan Jos suna cikin Lardin Bauci, shi ya sa aka laƙaba masa sunan. Garin Yakubu bai ga jirgi ba sai 1961, lokacin da ake jan layi daga Kuru zuwa Maiduguri, shekara huɗu bayan an binne wanda ke amsa sunansa.

Mai ziyara da yake so ya fahimci wannan ƙarfe, kada ya fara da kallon bututun hayaƙi. Ya sunkuya ya dubi tazarar da ke tsakanin ƙafafun hagu da na dama. Inci 30 ne, ƙafa biyu da rabi, abin da bai kai tsawon sandar makiyayi ba. Babban layin da ya taso daga Ikko zuwa Kano faɗinsa inci 42 ne. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa inci 56 da rabi. A wannan 'yar tazara ta inci 30 labarin yake kwance gaba ɗaya: dalilin gina layin, wanda aka gina wa shi, da ajalin da ya kashe shi.

Dalilin dai kuza ce. Tun kafin zuwan Nasara, maƙeran Ririwai da na Liruwen Dalma suna wanke kuza a rafuka, su narka ta, su zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake su ɗauka zuwa kasuwanni. Irin waɗannan tsinkayen ne suka faɗa hannun ma'aikatan Kamfanin Neja a bakin Binuwai, suka bi sawu har suka gano inda abin yake fitowa. Wajen 1910 labarin kuzar Filato ya cika kasuwar hannun jari ta Landan, kamfanoni suka yi ta ɓarkowa. Sai dai haƙo kuza daban, fitar da ita daban. Hanyar da ake da ita a lokacin ita ce kan ɗan Adam. 'Yan dako ne ke ɗauka daga tudu, su gangara ta Keffi zuwa Loko a bakin kogi, tafiyar kusan mil 200, kowane mutum da kayan da bai wuce laba 60 ba. Ka yi lissafi: tan guda sai ya ci kusan mutum arba'in. Haka kuma duk wani inji da za a kai wurin haƙa, sai an kwance shi gunduwa-gunduwa an ɗora wa mutane sun hau dutse da shi.

A daidai wannan lokaci babban layi yana tahowa. Gwamna Percy Girouard, wanda ya gaji Lugga a 1907, asalinsa injiniyan reluwe ne ɗan Kanada, kuma a zamaninsa aka fara jan layi daga Baro a bakin Kwara zuwa Kano. Layin ya isa Kano a 1911. Da jirgi ya ratsa Zariya, masu kuza suka matsa lamba a yanko musu reshe. Gwamnatin Arewa kuwa ba ta da kuɗi, tallafin Landan take ci. Aka zauna aka nemi hanya mafi araha.

Arahar siririn layi a fili take. Ƙarfen da ake shimfiɗawa bai kai na babban layi nauyi ba, gadoji ba sa bukatar ƙarfi sosai, ƙasar da za a tara a yi tudun layi kaɗan ce. Mafi muhimmanci, siririn jirgi yana iya shan kwana mai tsanani. Zariya tana kan tsayin mita ɗari shida da 'yan kai daga teku, Jos kuwa ta haura mita 1,200, kuma yawancin hawan a ƙarshen tafiya yake. Babban jirgi sai an fasa masa dutse ko an cike masa kwari, ƙarami kuwa sai ya yi ta kewaye kamar akuya har ya hau. Ga kuma wani sauƙin: akwai tsofaffin kaya a ajiye. Tun 1901 Lugga ya sa an shimfiɗa wani ɗan layi mai irin wannan faɗi daga Zungeru zuwa Wushishi, daga baya aka ƙara shi zuwa Barijuko, don a riƙa kwaso kaya daga inda jiragen ruwa ke iya isowa a kogin Kaduna. Da babban layi ya iso Zungeru amfaninsa ya ƙare, aka tumɓuke shi aka kawo kayan Zariya. Wato da gwanjo aka fara layin Bauci. Kan jirgin farko na wancan layi na Wushishi yana nan an adana shi a tashar Minna, kuma shi da na Jos faɗin layinsu ɗaya ne.

Amma araha ba ta ado. Tunda ƙafafun jirgin a matse suke, tukunyarsa ma dole ta zama ƙarama. Kan jirgi mai tururi ba wani abu ba ne illa murhu da tukunya a kan ƙafafu: ana zuba kwal a wuta, zafin ya ratsa bututai masu yawa da ke nutse cikin ruwa, ruwan ya tafasa, tururin ya tura wani ƙarfe gaba da baya cikin silinda, sandunan da ke gefe su juya ƙafafun. Iya girman murhunka, iya tururinka, iya kayan da za ka ja. Ƙaramin murhu a kan hawa yana nufin taragu kaɗan da tafiyar hawainiya. Ga ƙishirwa, don irin wannan inji ya fi shan ruwa a kan cin kwal, dole a riƙa tsayawa ana ba shi. Wannan na cikin dalilan da suka sa tashoshi irin su Soba, Dutsen Wai, Rahama da Jengere suka zauna inda suka zauna.

Babbar illar tana Zariya. Jirgin inci 30 ba ya hawa layin inci 42, ko da na taku ɗaya. Saboda haka duk buhun kuzar da ya sauko daga Jos sai an sauke shi an sake lodawa a babban tarago, duk kwal da injin da za su hau tudu sai an yi musu haka. Kan ɗan Adam da aka ce an gudu, ga shi ya dawo a tsakiyar tasha. Kowane sauke da lodi kuɗi ne, ɓata lokaci ne, kuma ƙofar ɓarna da sata ce.

To me ya kashe layin? Ba tsufa ba ne. Shekara goma sha uku da isarsa Bukuru aka yi masa kishiya. An gano kwal a Udi a 1909, aka ja layi daga Fatakwal zuwa Inugu ya isa a 1916, daga nan aka ci gaba da tura shi arewa. A 1927 ya haɗu da na Kaduna ta Kafancan, aka kuma yanko reshe mai cikakken faɗi ya hau har Jos. Daga ranar kuza ta samu hanya miƙaƙƙiya zuwa teku ba sauke ba lodi, kwal ɗin Inugu ma ya samu hanyar hawowa, musamman bayan an gama gadar Makurɗi a 1932. Guntun da ke tsakanin Jos da Bukuru aka faɗaɗa shi ya koma babban layi. Aka bar ƙaramin da fasinjan karkara da kayan gona. Ya yi shekara talatin a haka yana jan ƙafa, har manyan motoci suka ƙwace sauran abin da ya rage masa. Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya da aka kafa a 1955 ba ta yi shekara uku ba ta rufe shi.

Wannan duka ƙarfen zai iya faɗa wa mai ido. Inda matsalar nune-nunen jirgin ƙasa take, a Jos da ko'ina, ita ce abin da ƙarfe ba ya iya faɗa. Kan jirgi yana da sunan kamfanin da ya ƙera shi a Ingila, da lamba, da shekara. Mutanen da suka haƙa masa hanya ba su da ko ɗaya.

Ga yadda aka samo su. Bature ba ya shiga ƙauye neman lebura. Razdan zai gaya wa sarki adadin da ake so, sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya aika mai unguwa gida-gida. A takardun gwamnati ana cewa aiki ne da ake biya, kuma lalle ana biyan 'yan kwabbai. Amma mutumin da dogari ya tsaya a ƙofar gidansa bai da zaɓi, ko da kuwa gonarsa na jiran noma. Da diga da shebur da kwando aka tara tudun layin nan, mil bayan mil. Kuɗin da aka biya ma da manufarsa: ana so sule da sisi su kori kuɗin wuri, a kuma samu abin karɓar haraji da shi. Abin da aka ba mutum da dama a wurin aiki, sai a karɓe da hagu ranar biyan haraji. Sarkin Zazzau na lokacin, Aliyu Ɗan Sidi, wanda ta ƙasarsa duka layukan biyu suka bi, marubucin waƙoƙi ne, kuma ya bar Waƙar Diga a kan wannan aiki. A ganina, allo guda mai ɗauke da baitocinta a gefen kan jirgin ya fi bayanin nauyin inji da ƙarfin tukunya amfani ga ɗan makarantar da aka kawo daga Soba ko Lere, wanda wataƙila kakan kakansa na cikin masu riƙe digar.

Abin bai tsaya a shimfiɗa layi ba. Da Japan ta ƙwace Malaya, wadda ke cikin Malesiya ta yau, a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar mahaƙarta ta kuza ana tsakiyar yaƙi, sai ta juyo kan Filato. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta kwaso mutane da ƙarfin doka daga lardunan Arewa ana kai su ramukan kuza, abin da mutane suka kira ɗiban gwamna. Manomin da ya saba da zafin Sakkwato ko Katsina aka ajiye shi a sanyin Jos, ba bargon kirki, ba isasshen abinci, yana aiki cikin ruwa. Da yawa sun mutu, da yawa sun gudu da ƙafa. Su kuma Birom da Anaguta da Afizere, masu ƙasar, gonakinsu ne aka farke, kuma kududdufan da aka bari suna nan har yau a kewayen Bukuru da Barikin Ladi. Duk wannan na cikin tarihin ɗan jirgin da yara ke ɗaukar hoto a gabansa.

Akwai wani abu da ya kamata a ce duk mai zagayawa da baƙi a gidan yana faɗa, don shi ne ke ɗinke sassan gidan wuri guda. Kawunan Nok da ke cikin gilashi da kan jirgin da ke waje, rami ɗaya ne ya haife su. A wurin haƙar kuza aka fara tono irin waɗannan sassaƙe-sassaƙen yumɓu a 1928 kusa da ƙauyen Nok. A shekarun yaƙi aka sake samun wani kai a wajen Jama'a, wanda wani ma'aikacin mahaƙa ya kafa a gonarsa ta doya don korar dabbobi, kafin ya isa hannun Bernard Fagg, wani jami'in mulki da ya karanci ilmin tono kayan tarihi. Shi ne ya gane cewa kawunan dangin juna ne, kuma shi ya tsaya har aka buɗe gidan tarihin Jos a 1952. Lokacin da aka buɗe gidan, ƙaramin jirgin yana nan yana kai da kawowa, saura shekara biyar shi ma ya zama kayan kallo. Ba don kuza ba, da babu layin, da kuma kawunan suna kwance a ƙarƙashin ƙasa.

Sai batun adanawa, wanda mutane suka fi rainawa. Ana ganin ƙarfe ne, me zai same shi? Alhali tukunyar yumɓu mai shekara dubu biyu ta fi kan jirgi mai shekara ɗari sauƙin riƙo. Ita a sa ta a gilashi an gama. Shi kuwa an ƙera shi ne don ya riƙa zafi, ana shafa masa mai kullum, ana wanke cikinsa. Ranar da wuta ta mutu, ranar tsatsa ke kama aiki, kuma daga ciki take farawa. Ruwan sama na shiga ta bututun hayaƙi ya kwanta a kan toka, toka da ruwa kuwa suna cin ƙarfe. Abin da aka naɗe tukunyar da shi don riƙe zafi yana tsotse danshi ya riƙe, sai ka ga fenti lafiya lau a waje, ciki ya zama garin tsatsa. Taragun fasinja sun fi shiga uku, don jikinsu katako ne, ga gara ga damina, kuma daminar Jos ba ta wasa. Fenti na kwaskwarima ba ya maganin wannan. Rumfar kwano da murfi a bakin bututu sun fi shi aiki nesa ba kusa ba, kuma ba su kai shi tsada ba in aka yi lissafin shekaru.

Bayan tsatsa sai ɗan Adam. Abin da ake fara cirewa a jikin tsohon jirgi shi ne tagulla da jan ƙarfe: usur, famfuna, agogon awon tururi, da allon da ke ɗauke da lamba da sunan maƙera. Wajen mai sayen gwangwan, allon nan kilo kaɗan ne. Wajen mai bincike, shi ne takardar haihuwar jirgin, don da lambar ake komawa kundin kamfanin a gano shekarar da aka ƙera shi da wanda ya saya. In ya tafi, an bar ka da ƙarfe marar asali. A ƙasar da ake kwance layin da jirgi ke bi a sayar, ba sai an faɗa maka halin da wanda aka jingine yake ciki ba.

Akwai kuma tambayar wa ke da kayan. Gidajen tarihi na tarayya suna ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi da aka kafa a 1979. Tsofaffin kawunan jirgi, taragu, tashoshi da takardu kuwa dukiyar hukumar reluwe ce, wadda aikinta jigila ne, kuma a littafinta jirgin da ya daina aiki sunansa kayan gwanjo. Kafin abu ya tsallaka daga wannan littafi zuwa wancan, sai wani ya damu da shi ya yi ta zirga-zirga. A Ikko an samu masu damuwar. Cikin harabar reluwe ta Ebute Metta akwai wani gidan bene na zamanin Turawa da aka gina a 1898, wanda ake kira Jaekel House, da sunan wani tsohon jami'in reluwe da ya rubuta tarihinta. Ƙungiyar sa kai mai suna Legacy ce ta gyara shi ta mai da shi ƙaramin gidan tarihi, da hotuna da kayan aiki na da. A Kenya kuwa hukumar jirgin ce da kanta ta buɗe gidan tarihinta a Nairobi tun 1971. Arewa, inda Zariya da Kafancan da Minna suka rayu da reluwe, har unguwanni irin su Sabon Gari suka tsiro a gefen tasha, ta cancanci fiye da kan jirgi ɗaya nan ɗaya can.

Kuma ba sai an jira manyan kuɗi ba, don abin da ya fi ba da labari sau da yawa ƙanana ne. Tikitin kwali mai sunan tasha da farashi yana gaya maka nawa talaka ke biya, ka gwada da ladan lebura na yini. Jadawalin tafiya yana gaya maka awa nawa ake yi daga Zariya zuwa Jos. Fitilar hannu mai gilashi ja da kore, tutar gadi, littafin albashi da ke nuna wa ke direba wa ke zuba kwal wa ke share toka, da yadda aka raba ayyukan tsakanin Bature da mutanen Kudu da 'yan Arewa. Ko sandar izini ma ta isa darasi guda: a layi mai hanya ɗaya, direba ba ya barin tasha sai an danƙa masa wata alama ta ƙarfe, kuma guda ɗaya tak ake iya fitarwa a lokaci guda tsakanin tashoshi biyu, don kada jirage biyu su yi karo. Yaron da aka ba shi ita ya riƙe aka yi masa wannan bayani ba zai manta ba.

Wani zai ce tarihin inci 30 ya wuce, me ya shafe mu? Ya je Kaduna ya gani. Jirgin Abuja yana tsayawa a Rigasa, tsohuwar tasha tana cikin gari, kuma taragon wannan ba ya hawa layin wancan, daidai irin abin da ya faru a Zariya shekara ɗari da suka wuce. Layin Kano zuwa Maraɗi da ake ginawa shi ma mai faɗin zamani ne. Ma'ana, tsohon layin inci 42 da ya kwashi dalar gyaɗar Kano, ya kai Kauran Namoda a 1929 da Nguru a 1930, yana kan hanyar da ƙaramin ɗan'uwansa ya bi: an yi masa kishiya mai faɗi, an bar shi yana jan ƙafa. Kayansa suna nan birjik a tashoshi da ma'ajiyai, ba a riga an sayar da su duka ba.

Na layin Bauci kuwa, abin da ya fi gaggawa ba ya cikin gidan tarihi. Yaron da yake ɗan shekara goma ranar da jirgin ƙarshe ya bar Rahama a 1957, yau yana dab da tamanin. Akwai irinsa a Dutsen Wai, akwai a Jengere, akwai tsofaffin matan da suka yi tallan gyaɗa da dafaffen rogo ta tagar tarago, akwai 'ya'yan masu zuba kwal a Sabon Garin Zariya da suka san sunan da mutane ke kiran kowane kan jirgi da shi. Wayar hannu da ɗalibi guda mai haƙurin zama a kan tabarma sun isa a ɗauko muryoyinsu.